Gimbiya da Kwaɗo: Fim Ɗin da Kasuwa Ta Yi wa Rowa, Dandali Ya Rama Masa

Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe da sanin cewa karɓuwar aiki a ranar da ya fito ba ita ce ma'aunin ingancinsa ba. Akwai littafin da ake rububinsa yau, gobe a neme shi a rasa mai tuna sunansa. Akwai kuma wanda yakan fito shiru, amma sai a wayi gari jikoki suna karanta shi. Haka abin yake a fagen fim. Wannan maƙala za ta dubi wani fim na zane mai motsi, irin wanda yara ke kira katun, wanda kamfanin Disney na ƙasar Amurka ya fitar a shekarar 2009 da sunan The Princess and the Frog, wato Gimbiya da Kwaɗo. Ra'ayin da zan kare shi ne cewa wannan fim yana cikin ayyuka mafi nagarta da kamfanin ya yi a wannan ƙarni, kuma ba a ba shi haƙƙinsa ba lokacin da ya fito. Sai bayan shekara 15, da aka gina masa wuri a dandalin shaƙatawa na kamfanin, aka biya shi wani abu daga cikin bashin da yake bi. A cikin wannan tarihi akwai darasi ga duk wanda zai tsaya gaban ɗalibai ya koyar da adabi.

Labarin a Taƙaice

An gina labarin a birnin New Orleans na jihar Luwiziyana, a kudancin Amurka, cikin shekarun 1920. Tauraruwarsa wata budurwa ce baƙar fata mai suna Tiana, 'yar wata tela. Mahaifinta ya rasu bai cika burinsa na buɗe gidan abinci ba, sai ita ta gaji burin. Tana aiki a gidajen abinci biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare, tana tara 'yan kuɗin da take samu a gwangwanaye domin ta sayi wata tsohuwar masana'antar sukari ta mayar da ita gidan abincinta.

Ana nan sai wani yarima mai suna Naveen ya sauka a birnin. Iyayensa sun yanke masa kuɗi saboda sharholiya, don haka ya zo neman 'yar mai dukiya ya aura. Ya faɗa hannun wani boka, Dokta Facilier, wanda ya rikiɗar da shi ya zama kwaɗo. Yarima ya ga Tiana cikin kayan biki, ya zaci gimbiya ce, ya roƙe ta ta sumbace shi domin sihirin ya karye, shi kuwa zai ba ta kuɗin gidan abinci. Da yake ba gimbiya ba ce, sai reshe ya juye da mujiya: ita ma ta koma kwaɗo. Daga nan suka shiga fadamun Luwiziyana neman wata makauniyar tsohuwa, Mama Odie, tare da wani kada mai son busa ƙaho da wani ƙwaro mai walƙiya da dare. A ƙarshe bokan ya halaka, su biyun suka yi aure, suka koma mutane, suka buɗe gidan abincin da guminsu.

Me Ya Sa Kasuwa Ba Ta Yi Masa Kyau Ba?

Ba za a ce fim ɗin ya faɗi ba. An kashe kimanin dala miliyan 105 wajen shirya shi, ya kuma kawo kimanin dala miliyan 270 daga gidajen sinima na duniya. Sai dai a ma'aunin Disney wannan ciniki ne na ba yabo ba fallasa. Fim ɗin Tangled, wanda ya biyo bayansa a 2010, ya kawo kusan dala miliyan 590. Frozen kuwa, na 2013, ya haura dala biliyan 1 da miliyan 200.

Dalilai uku ne suka taru suka danne shi. Na farko, lokacin fitowarsa. An baza shi a sinimomin Amurka ranar 11 ga Disamba, 2009, mako guda kacal kafin fitowar Avatar, fim ɗin da ya shafe duk wani tarihin ciniki da aka kafa kafinsa. Wanda ya kasa hajarsa ranar da babban attajiri ya buɗe rumfa a gefensa, ai sai haƙuri. Na biyu, sunansa. Ed Catmull, wanda ke shugabantar sashen zane na kamfanin a lokacin, ya bayyana a littafinsa na 2014 cewa kalmar gimbiya da ke cikin sunan ta sa mutane da yawa sun ɗauka fim ne na 'yan mata ƙanana kawai. Fim ɗin da ya biyo baya, wanda da za a kira da sunan gimbiyarsa Rapunzel, sai aka canza masa suna zuwa Tangled. Na uku, salon zanensa. Tun daga Toy Story na 1995 idon 'yan kallo ya fara sabawa da zanen kwamfuta, har wasu suka riƙa ganin zanen hannu a matsayin tsohon yayi.

Idan mai karatu ya lura, babu ko ɗaya daga cikin dalilan nan da ya shafi jigo ko zubi ko salon labarin. Duk al'amura ne na talla da yayi da sa'ar rana.

Abubuwan da Suka Ɗaukaka Fim Ɗin

Abu na farko shi ne tauraruwarsa. Tun daga 1937, lokacin da Disney ya fitar da Snow White and the Seven Dwarfs, sai da aka yi shekara 72 kafin a sami gimbiya baƙar fata a jerin gimbiyoyinsa. Wannan kaɗai abin lura ne, amma ba shi ne ya fi burge ni ba. Abin da ya bambanta Tiana da yawancin waɗanda suka gabace ta shi ne tana da sana'a. Mai kallo yana ganin gajiyarta, yana ganin yadda take faɗawa kan gado da kayan aiki a jikinta, kafin ta runtsa agogo ya buga. Burinta yana da farashi, tana kuma ƙirga abin da ya rage. Mahaifinta ya hore ta tun tana ƙarama cewa fata kaɗai ba ya kai mutum ko'ina sai an haɗa da aiki. Bahaushe ya riga ya faɗi haka: zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Masu shirya fim ɗin sun ɗauki wani ɓangare na halin Tiana daga wata mata ta gaske, Leah Chase, shahararriyar mai dafa abinci ta gidan Dooky Chase da ke New Orleans. A zamanin wariyar launin fata, gidan abincinta ya zama matattarar masu fafutukar neman 'yancin baƙaƙen fata, inda suke cin abinci suna shawara. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96.

Abu na biyu shi ne yadda aka daidaita jigo. Da marubutan sun tsaya kan cewa aiki alheri ne, lalaci sharri ne, da labarin ya zama wa'azi mai fuska ɗaya. Sai suka ba kowane ɗaya daga cikin taurarin biyu nasa naƙasu. Yarima bai iya ko yanka kayan miya ba, Tiana kuwa aiki ya cinye ta har ba ta da lokacin 'yan'uwa da ƙawaye. Tsohuwar da suka je wurinta ba ta karya musu sihiri ba. Ta ce su je su bambance abin da suke so da abin da suke bukata. A ƙololuwar labarin, bokan ya nuna wa Tiana gidan abincin da take mafarki, ya ce nata ne muddin ta miƙa masa layarsa. A nan ta gane cewa mahaifinta, duk da bai sami gidan abinci ba, bai mutu a taɓe ba, domin ya bar iyali da maƙwabta masu ƙaunarsa. Sai ta fasa layar. Shi kuwa bokan, wanda ya ci bashin aljanu da niyyar biya da rayukan mutanen gari, su ne suka ja shi suka tafi da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abu na uku shi ne wuri. Finafinan gimbiyoyi da yawa suna faruwa ne a wata masarauta da ba ta da suna a taswira. Wannan kuwa a gari na gaske aka kafa shi, da jiragen ruwan kogin Misisifi, da bikin Mardi Gras da ake yi kafin azumin Kirista, da kiɗan jaz wanda a birnin aka haife shi. Randy Newman, wanda ya tsara waƙoƙin, ya yi amfani da nau'o'in kiɗan yankin dabam-dabam, har biyu daga cikin waƙoƙin suka shiga takarar lambar Oscar. Abincin da Tiana ta ƙware a kai, wanda ake kira gumbo, miya ce da sau da yawa ake kaɗa ta da kuɓewa. Masana harshe suna danganta sunan da kalmar kuɓewa a harsunan Bantu, kuma 'yan'uwanmu na Nijar sun san cewa gombo ake kiran kuɓewa da Faransanci. Kalma ce da ta ƙetare teku tare da bayi, ta zauna a tukunyar jikokinsu.

Abu na huɗu shi ne zanen kansa. Bayan Home on the Range na 2004, Disney ya rufe babin zanen hannu. Da ya sayi kamfanin Pixar a 2006, sababbin shugabanni suka dawo da Ron Clements da John Musker, waɗanda suka ba da umarnin The Little Mermaid a 1989 da Aladdin a 1992, aka kuma tattaro gwanayen zane da suka watse. A fim ana haska hoto 24 cikin kowace daƙiƙa, kuma a zanen hannu mutum ne ke zana motsin, ganye bayan ganye. Fim ɗin yana da tsawon minti 97. Mai lissafi sai ya auna yawan aikin. Duk wanda ya kalli yadda inuwar bokan ke rabuwa da shi tana aikata ɓarna da kanta, ko yadda hasken ƙwari ke cika fadama da dare, zai ga abin da alƙalami ke iya yi. Bayan wannan, fim ɗaya tak kamfanin ya ƙara yi da wannan salo, wato Winnie the Pooh na 2011.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin zare da ke cikin labarin wanda ya fi taɓa zuciya. Ƙwaron nan mai walƙiya yana son tauraruwar maraice, wadda Hausawa ke kira Zara, yana zaton wata ƙwaruwa ce irinsa. Kowa yana yi masa kallon wawa. Da bokan ya kashe shi, sai wata sabuwar tauraruwa ta bayyana kusa da ita. Ba kasafai fim ɗin yara ke barin abokin tafiya ya mutu ba tare da an tashe shi ba.

Sukar da Aka Yi Masa

Adalci ne a kawo hujjojin masu suka, domin wasunsu suna da ƙarfi. Sun ce an daɗe ana jiran gimbiya baƙar fata, da ta zo kuma sai ta shafe mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo. Wannan gaskiya ce, kuma aibi ne da ba ya wankuwa gaba ɗaya. Sun ce an yi wa wariyar launin fata ta wancan zamani kwaskwarima, tun da an nuna Tiana da 'yar attajiri farar fata suna ƙawance ba wata tsangwama. A nan ina ganin an ɗan wuce gona da iri. Fim ɗin ya nuna tafiyar Tiana da mahaifiyarta daga unguwar manyan gidaje zuwa tasu unguwar ta talakawa, suna zaune a can bayan taragon cikin gari. Ya kuma nuna dillalan gini suna ce mata mace mai irin asalinta ba za ta iya riƙe babban kasuwanci ba. Yaro ba zai gane nufinsu ba, amma babba ya gane, kuma ƙofa ce da malami zai bi ya yi bayani.

Iyaye a ƙasashenmu za su iya ƙyamar tsafin da ke ciki da kuma batun sumba. Wannan damuwa ce da ya kamata a girmama, malami kuma shi ya san ajinsa da abin da ya dace da shi. Sai dai a tuna cewa tatsuniyoyinmu cike suke da dodanni da mayu da rikiɗa, kuma abin da muke dubawa a cikinsu shi ne makomar mai mugun aiki. A wannan fim duk wanda ya nemi gajeriyar hanya ta wurin boka ya yi nadama.

Daga Majigi Zuwa Dandali

Tun da Walt Disney ya buɗe dandalin Disneyland a jihar Kalifoniya a 1955, kamfanin ya gano cewa labarin da aka gina da siminti da ƙarfe ya fi wanda ke kan majigi daɗewa. Fim yakan yi 'yan makonni a sinima ya wuce, amma ginin da ke dandali kullum a buɗe yake, yara suna shiga, suna tambayar wace ce wannan.

A 1989 aka buɗe wani wasa mai suna Splash Mountain a Disneyland, sannan a 1992 aka buɗe irinsa a dandalin Fulorida da na Tokyo. Mutane kan shiga kwalekwale mai siffar gungumen itace, ruwa ya ɗauke su ta cikin wani tsauni na gini, suna wuce mutum-mutumin dabbobi masu motsi da waƙa, a ƙarshe kwalekwalen ya gangaro daga tsayin kusan mita 15. An ɗauko labarin wasan ne daga fim ɗin Song of the South na 1946, wanda aka daɗe ana suka saboda yadda ya nuna rayuwar baƙaƙen fata a gonakin kudancin Amurka tamkar zaman jin daɗi. Babban ɗan wasansa, James Baskett, bai halarci bikin fara nuna shi a birnin Atlanta ba, birnin da dokar wariya ke aiki a lokacin. Tun 1986 kamfanin bai sake nuna fim ɗin a sinimomin Amurka ba.

A watan Yuni na 2020, ana tsakiyar zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, Disney ya sanar da cewa zai sauya wasan ya koma kan labarin Tiana. An rufe na Fulorida a Janairun 2023, na Kalifoniya a Mayun wannan shekara. Sabon wasan, Tiana's Bayou Adventure, ya buɗe a Fulorida ranar 28 ga Yuni, 2024, a Kalifoniya kuma ranar 15 ga Nuwamba, 2024. Kafin nan, a Satumbar 2023, an buɗe gidan abinci mai suna Tiana's Palace a Disneyland, inda ake sayar da gumbo. Gidan abincin da yarinyar zane ta yi mafarki ya zama wurin da mutum zai zauna ya ci ya ƙoshi.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne labarin sabon wasan ci gaba ne daga inda fim ya tsaya. Tiana ta zama 'yar kasuwa, ta kafa kamfanin abinci wanda ma'aikatansa ne suka mallake shi, tana kuma neman makaɗa a fadama domin bikin da za ta shirya wa mutanen gari. A wannan karo mutum ce daga farko har ƙarshe. Ta wannan fuska dandali ya gyara babban aibin fim ɗin. Sai dai yana da nasa rauni: an cire bokan, don haka babu abokin gaba, babu fargaba, alhali labari ba ya daɗi sai da rikici. Haka nan kuɗin shiga dandalin na yini guda ya haura dala 100, abin da ke nufin yara da yawa masu irin rayuwar Tiana ba za su taɓa ganin wurin ba.

Abin da Aka Rasa

Akwai hasarar da ba a cika magana a kanta ba. Dabbobin tsohon wasan, wato zomo mai wayo da dila da wani ƙaton dabba maras wayo, ba Disney ya ƙirƙire su ba. Tatsuniyoyi ne na bayi, waɗanda wani ɗan jarida farar fata, Joel Chandler Harris, ya tattara ya fara bugawa a littafi a 1880. Manazarta sun nuna cewa da yawansu daga Afirka suka samo asali. Mafi shahara a cikinsu shi ne na zomon da aka ɗana wa mutum-mutumin kwalta, ya gaishe shi bai amsa ba, ya mare shi hannu ya maƙale. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai tuna da Gizo da 'yar danƙo. Laifin na fim ɗin 1946 ne, da irin rigar da ya sanya wa tatsuniyoyin, amma da aka zo hukunci sai aka haɗa da su. Ina goyon bayan sauyin, duk da haka ina ganin zomon ya cancanci a sake ba da labarinsa daga bakin masu shi.

Darasi Ga Malamin Gobe

Da farko, malami ya koya wa ɗalibai su raba tambayoyi biyu: aikin nan ya karɓu? Aikin nan yana da inganci? Amsar ta farko tana wurin ɗan kasuwa. Ta biyu kuwa sai an duba jigo da zubi da salo da taurari.

Na biyu, fim ɗin misali ne mai kyau na aro da gyara. Tushensa tatsuniyar yarima kwaɗo ce da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara a Jamus, da kuma wani ƙagaggen labari na E. D. Baker na 2002. An ɗauke ta daga Turai, aka ba ta sabon gari da sabon abinci da sabuwar matsala. Irin wannan aiki Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, inda ya aro labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya sanya musu rigar Hausa. Malami zai iya ba ɗalibai aikin kwatanta hanyoyin biyu.

Na uku, labari yana rayuwa ne idan an yi masa mazauni. Tatsuniyoyinmu suna nan a littattafan Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 da na Ibrahim Yaro Yahaya, amma dandalin da ake yin su da dare ya yi rauni. Ba mu da kuɗin gina tsauni, amma makaranta tana da bango da fili da ranar bikin al'adu. Zanen Gizo da Ƙoƙi a bangon aji, ko wasan kwaikwayon da ɗalibai za su shirya kowane zango, shi ma mazauni ne.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa Gimbiya da Kwaɗo fim ne mai tauraruwa ta daban, da jigo mai zurfi, da wuri na gaske, da zane na ƙwararru, wanda rashin sa'ar kasuwa ya sa aka yi masa kallon na baya. Yana da aibobi, kuma an ambace su. Wurin da ya samu a dandali a 2024 ya mayar da shi gaban idon miliyoyin mutane, ko da yake ya hau kan gurbin wasu tatsuniyoyi da su ma ba a yi musu adalci ba. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Aikin malami shi ne ya horar da ɗaliban da za su iya gane aiki mai kyau tun kafin dutsen ya nuna.